Maganin Shanu da Jimar Fata a Karkarar Ayilan

Tsakanin 1937 da 1939 hukumar adana al'adun gargajiya ta ƙasar Ayilan, wadda aka kafa a 1935, ta sa yaran firamare fiye da 50,000 su tattaro abin da iyaye da kakanni suka sani, kuma littattafan da suka cika, waɗanda ke ajiye a jami'a a Dublin, sun nuna cewa babu abin da ke hana ƙaramin manomi barci kamar ciwon saniya, domin ita ce madara da man shanu da kuɗin hayar gona.

A da, idan saniya ta kwanta babu gaira babu dalili, nono ya ƙafe, akan ce aljanu ne suka harbe ta, sai a kira mai magani ya auna ta da kamu daga wutsiya zuwa ƙaho sau uku, wai idan awon ya saɓa to harbin ya tabbata. Daga nan sai ya jiƙa kan kibiya na dutse, irin wanda garma ke tonowa daga kufan mutanen da, tare da tsabar kuɗi, cikin ruwan da aka ɗebo inda iyakoki uku suka haɗu, a ɗura mata. Maraƙi mai ciwon ciki kuwa igiya ake ƙulla wa a saman baya, da ƙullin da ke warwarewa da an ja bakinsa biyu. Rigakafin harbin daji, cutar da ke kumbura cinyar ƙananan shanu ta kashe su, shi ne a tsaga fata a cusa tafarnuwa, dabarar da ba ta kashe ƙwayar cutar, sai dai dabbar da ta tsira takan ja wa maganin suna.

Aikin fata ya fi tsayawa a kan abin da ido ya gani. Fatar tunkiya ko zomo akan kankare ta, a shafe da gishiri da alam, a murza har ta yi laushi, ta akuya kuma a jiƙa da farar ƙasa gashi ya zube kafin a ɗaura wa gangar da suke kira bodhrán. Majema sun dogara da ɓawon itacen ok, mai sinadarin da bagaruwa ke ba majeman Kano, amma da dazuzzuka suka ƙare a ƙarni na 18 sai aka gwada saiwar wata ciyawa mai suna tormentil. A da, mutanen tsibiran Aran ba su damu da jima ba: ɗanyen ƙirgi suke yankawa su yi takalmi, gashi a waje, suna jiƙa shi da ruwa don kada ya ƙandare.