Kewar gida da fiffiken malam-buɗe-littafi: saƙon wani ɗalibinmu daga Maroko

Kowane daren Asabar, a filinmu na gaishe-gaishe, saƙonni kan shigo mana daga Libiya, Aljeriya, Abijan da Kwatano. Mafi yawansu gajeru ne: a gaida inna, a gaida mai ɗaki, a sa waƙa. To amma makonnin baya mun samu wani dogon saƙo daga wani yaro ɗan yankin Tasawa, cikin jihar Maraɗi, wanda yake shekara ta uku yana karatun lissafi a birnin Fas na ƙasar Maroko. Lokacin radiyo bai ishe mu mu karanta shi duka ba, shi ya sa muka kawo shi wannan shafi da yardarsa, bisa sharaɗin mu sakaya sunansa, don ba ya son mahaifiyarsa ta ji yana cikin damuwa.

Yaron ya ce tun da ya tafi bai taka gida ba, saboda kuɗin bursu ba su kai na jirgi. Abin da ya fi tayar masa da kewa shi ne ruwan sama. A Fas cikin sanyin Disamba da Janairu ake ruwa, ba ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko, ba mai fita da kalme ya yi shuka. Sallar layya ta 2025 ma haka ta wuce masa shiru, domin a shekarar Sarki Muhammad na shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da yanka saboda fari ya rage dabbobi. Ya tuna raguna jere a bakin wuta a ƙofar gidansu, ya koma ɗaki ya ci burodi da shayi.

Duk wannan mai sauƙi ne, in ji shi. Abin da ya dame shi shi ne kakarsa ta rasu, aka ɓoye masa har wata biyu wai sai ya gama jarrabawa. Cikin watannin nan yana ta aika mata gaisuwa, ana ce masa ta amsa. A daidai lokacin ne aka shiga koya musu wani fanni na lissafi da ake kira ilimin hargitsi, sai ya ga kamar labarinsa ake bayarwa.

Mu da lissafinmu ya tsaya a bakaloriya, sai da muka zauna muka bi maganar a hankali. Ga abin da muka fahimta. A shekarar 1961 wani masanin yanayi na Amurka mai suna Edward Lorenz, a babbar makarantar MIT, yana gwada hasashen yanayi da wata ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wata rana ya so ya maimaita wani lissafi, sai ya kwafi lambobin daga takardar da na'urar ta buga. Na'urar tana riƙe da 0,506127 a cikinta, amma a takarda 0,506 kawai ta rubuta. Bambancin bai kai ɗaya cikin dubu ba. Ya tafi shan kofi, da ya dawo sai ya tarar da hasashen biyu sun fara tafiya tare, sannan suka rabu kaɗan-kaɗan, har bayan kamar wata biyu na yanayin da na'urar ke lissafawa, babu abin da ya haɗa su. Da farko ya zaci na'urar ce ta lalace. Daga baya ya gane cewa haka iska da gajimare suke: ɗan kuskuren farko yana ninkuwa, yana sake ninkuwa, har ya cinye hasashen gaba ɗaya.

Lorenz ya buga sakamakon bincikensa a 1963. A 1972 kuma ya yi wata lacca a birnin Washinton inda aka yi tambayar ko kaɗa fiffiken malam-buɗe-littafi a Brazil zai iya tayar da guguwa a jihar Texas. Daga nan sunan ya bi duniya. Tun kafin shi, masanin lissafin Faransa Henri Poincaré ya ci karo da irin wannan matsala wajen 1889, lokacin da yake nazarin tafiyar taurari uku masu jan juna. Lorenz ya rasu a 2008 yana da shekara 90.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masana yanayi sun yarda da wannan, domin kwana biyu ba nisa ba ne. Amma Juma'ar da ke tafe nan da mako uku, babu na'urar da za ta ce maka za a yi ruwa ran nan ko ba za a yi ba. Iyakar hasashen rana-rana ba ta wuce kamar mako biyu. Manomanmu sun san haka ba tare da lissafi ba. Hadari ya taso daga gabas, ya zuba a wannan gari, ya tsallake na kusa da shi, wani ya yi shuka, maƙwabcinsa yana jira.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A Yamai cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, haka ma cibiyar ACMAD mai kula da yanayin Afirka. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma ke taruwa kafin damina su ba da hasashe, kuma duk wanda ya saurare mu muna karanta shi ya san ba su cewa ruwa kaza zai sauka ran kaza. Cewa suke akwai yiwuwar damina ta fi yadda aka saba, ko ta yi daidai, ko ta gaza. Jihar Maraɗi da ta sha yunwar 2005 ita ce ta sha ambaliyar 2024, shekarar da tsohon masallacin Damagaram ya rushe saboda yawan ruwa.

To ina haɗin wannan da kewar gida? Ɗalibin namu ya ce gidan da yake ɗauke da shi a zuciya, gidan ranar da ya hau mota ne. Ƙanensa yana aji shida, katangar bayan gida tana tsaye, kaka tana zaune gindin darbejiya tana dama fura. Da wannan tsohon hoto yake lissafin yadda gida yake yau, kuma kowace rana kuskurensa ƙaruwa yake yi bai sani ba. Ƙanen ya yi tsawo ya sake murya, katangar ta faɗi an gina wata, kaka kuwa tana kabari. Tsoronsa shi ne ya sauka tashar Maraɗi ya zama baƙo cikin danginsa, kamar yadda ake cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ya kuma kawo misalin abokinsa da suka yi lise tare, benci ɗaya, wanda rabin maki ya hana shi bursu. Yau abokin yana sayar da kayan babur a kasuwa, ya yi aure, yana da ɗiya biyu. Shi kuwa yana ɗakin haya da littattafai. Ya ce har yanzu bai san wanda ya fi wani dacewa ba.

Abin da ya sa muka ga saƙon ya cancanci wannan shafi shi ne maganin da ya samo cikin karatun nasa. Masana yanayi ba su daina hasashe don kuskure yana girma ba. Abin da suke yi shi ne gyara: bayan kowane ƴan awoyi sukan karɓi sabon awo daga tashoshin ƙasa, da balan-balan, da taurarin ɗan adam, su daidaita lissafinsu da abin da ke faruwa a zahiri, su sake farawa daga nan. Shi ma abin da yake roƙon mutanen gida ke nan. Ya ce in ya kira, kullum amsar ɗaya ce: lafiya lau, kowa lafiya, ka dai yi karatu. Shi kuwa ƙananan labarai yake so. Akuya ta haihu, hatsi ya fara kunnen kura ko ya yi kai, tiyar gero nawa ce a kasuwa, wa aka sa wa rana, wa yake kwance.

Mun san iyaye ba da mugunta suke ɓoyewa ba, tausayi ne. Mu kanmu a wannan fili an sha roƙonmu kada mu ambaci wata rasuwa don akwai ɗa a waje yana saurare. Amma yanzu da WhatsApp ke hannun kowa, labari ba ya ɓoyuwa. Yaro zai ji daga bakin wani, ko ya gani a hoton ta'aziyya, ya yi kukansa shi kaɗai, daga nan kuma ya daina yarda da duk wani "lafiya lau" da za a ce masa. Gara ya ji daga bakin mahaifinsa ko kawunsa, cikin lallashi da addu'a.

A ƙarshen saƙon ya ambaci wani zane da lissafin Lorenz ke fitarwa, mai kama da fikafikai biyu. Layin yana ta zagaye, ba ya taɓa maimaita hanyar da ya bi, amma kuma ba ya fita daga cikin zanen. Ya ce wannan ne ke kwantar masa da hankali. Ba wanda ya san ranar da ruwan farko zai sauka, amma damina tana zuwa bayan bazara. Gida zai sake, amma bai zama wani wuri dabam ba.

Ya rufe da cewa: Yaya, in kun tashi gaisuwa, ku gaida Inna, ku ce mata in na kira ta ba ni labarin awakinta. Mun isar da saƙon a daren Asabar ɗin da ta wuce. Masu karatu da ke da ɗa ko ƙane a waje, in ya kira ku wannan mako, ku daure ku ƙara masa minti biyu. Allah ya dawo mana da su lafiya.