Idan Masana Sun Saɓa, Wa Za Ka Bi?

Mai niyyar barin sigari yakan sha shawara iri biyu. Wani ya ce masa ya jefar da kwalin yau ɗin nan, wani ya ce ya riƙa rage kara ɗaya-ɗaya har jiki ya saba. Kowannensu kuwa yana da binciken da zai kafa hujja da shi.

A 2016 masana na Jami'ar Oxford da ke Ingila sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mashaya 697. Bayan wata shida, kashi 22 cikin ɗari na waɗanda suka yanke lokaci guda ba su koma ba, masu ragewa a hankali kuwa kashi 15.5. Sai ga shi a 2019 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje da dama, ba ta ga wani bambanci a fili tsakanin hanyoyin biyu ba.

Haka abin yake a wajen rage ƙiba. A 2018 Jami'ar Stanford ta Amurka ta bayyana gwajin mutum 609: rabi sun rage maiƙo, rabi sun rage dangin shinkafa da burodi. Bayan shekara, na farko sun sauke kilo 5.3 a matsakaici, na biyu kilo 6. Amma a kowane ɓangare akwai wanda ya sauke kusan kilo 30, akwai wanda ya ƙara 10. Matsakaicin lissafi ba labarin mutum ɗaya ba ne.

Saboda haka idan aka ce maka "bincike ya nuna", ka tambaya: mutum nawa aka gwada, tsawon wane lokaci, kuma wane taimako suka samu? Mashayan Oxford, duka ɓangarorin, an ba su maganin nikotin da ake mannawa a fata, ga ma'aikatan jinya na bibiyarsu. Wanda ya ɗauki shawarar ya bar taimakon, rabin magani ya ɗauka.

Saɓanin nan duk a kan hanya yake, ba a kan cutarwar taba ba. Binciken da Richard Doll ya fara a kan likitocin Birtaniya a 1951 ya nuna mashaya na asarar kusan shekara 10 na rayuwa, wanda ya daina yana ɗan shekara 30 kuwa yakan tsira da kusan dukkansu. Kilo 4 zuwa 5 da mai dainawa kan ƙara ba su kai wannan nauyi ba.

Sai dai kada a haɗa barin sigari da rage ƙiba a ma'auni ɗaya. Ana iya rabuwa da sigari har abada, tuwo kuwa sai dai a rage malmala. Mai azumin da ke wuni bai kunna ashana ba ya riga ya san zai iya. Abin da ya rage shi ne abin da zai yi bayan shan ruwa. Ka zaɓi hanyar da za ka iya ɗorewa a kanta, ka sa rana, ka nemi likita. In ka zame, ka sake ɗaura ɗamara, domin yawancin waɗanda suka daina sai da suka gwada fiye da sau ɗaya.