Jinin da Ke Zuba a Ɓoye Bayan Haihuwa

Yau maganarmu a kan wani wuri ne cikin jikin mace wanda ba a cika jin labarinsa ba, amma kuwa ya kan ci rai. Ina roƙon magidanta da ungozomomi da surukai su kasa kunne, gama mai jego ba ta kai kanta asibiti, ku ke kai ta.

Kun san yadda a ke shanya zane a kan igiya, ya sauko riɓi biyu, ɗaya nan ɗaya can? To, haka wani tantani mai faɗi ya ke a dama da hagun mahaifa, ya tashi daga jikinta ya kama bangon ƙugu. Igiyar ita ce bututun da ƙwan mace ke bi zuwa mahaifa. Tsakanin riɓin nan biyu kuwa akwai manyan jijiyoyin jini, daga ƙasa kuma ga bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. In mace ta yi ciki jijiyoyin nan su kan ƙara girma ƙwarai, domin su ke ciyar da ɗan.

Sa'ad da naƙuda ta yi tsawo, ko aka danne cikin da ƙarfi, ko wani mai sayar da magani ya yi wa mace allurar naƙuda a gida, bakin mahaifa ko gefenta ya kan tsage. In tsagar ta taɓa jijiya, sai jini ya bi tsakanin riɓin nan biyu ya taru, kamar yadda a ke ɗura auduga cikin buhu. Wurin ya kan ɗauki lita guda ko fiye, ga shi kuwa zubar rabin lita ma bayan haihuwa likita na lissafta ta abin tsoro. Mugun abin shi ne, ba a ganin kome a tabarma. Wadda ta haihu sau 5 ko fiye, da wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro ɗa, su suka fi shiga wannan hatsari.

Wata shekara da kaka aka kawo mini wata mata ɗakin shan magani daga wani ƙauye a ƙasar Bakori, haihuwarta ta takwas. Ta haihu da asuba, mabiyiya ta faɗi, an yi guɗa. Da hantsi ta ce gefen cikinta na ciwo, aka ce ai ciwon bayan haihuwa ne, aka dama mata kunun kanwa. Uwar mijinta ce ta ga tana hamma tana gumi mai sanyi, ta jawo fatar idonta ta ga fari fat. Ba ta jira ɗanta ya komo daga kasuwa ba, ta sa aka nemo mota. Na sa mata ruwa, muka wuce da ita babban asibiti. Aka yi aiki, aka ɗaure jijiyar, aka ƙara mata jini leda uku. Tana nan da ranta. Da an jira la'asar, da labarin ya sake.

To, ga alamun da za ku lura da su. Ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, wanda ke ƙaruwa. Jiri, da ƙishirwa, da sanyin hannu da ƙafa. Cikin ido da harshe su yi fari. Zuciya na bugawa da sauri, fiye da 100 a minti guda. Wani lokaci a kan ji kumburi a gefe, ya ture mahaifa ɗaya gefen.

In kun ga haka, kada a yi mata wankan jego, kada a ba ta kunu ko jiƙo, domin watakila za a yi aiki. A kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta, a lulluɓe ta, a tafi nan da nan. Mu a ɗakin shan magani ruwa kaɗai mu ke iya sawa. Aiki da ƙarin jini sai babban asibiti, kamar na Funtua ko na Malumfashi, in ya fi ƙarfinsu a wuce asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ku tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su ba da jini.

Akwai waɗansu cututtuka biyu na wannan wuri. Na fari, ƙari ko ƙullin ruwa ya kan tsiro cikin tantanin a hankali. Mace ta ji nauyi a gefe, ko fitsari ya riƙa matsa mata. Yawancinsu ba ciwon daji ba ne, amma sai hoton ciki ke nuna su, cire su kuma sai gwanin likita, saboda bututun fitsarin nan da ke kusa. Kada a tsaga, kada a yi ƙaho. Na biyu, ƙwayoyin cuta su kan shiga bayan haihuwa ko ɓari, su kawo zazzaɓi da ruwa mai wari, har mugunya ta taru. In aka zo da wuri, magani ya kan kashe shi.

A shekarar 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya buga sakamakon binciken haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya tsakanin 1976 da 1979. Ya tarar matan da ba su je awo ba, waɗanda a ke kawowa sai abu ya ɓaci, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba.

Saboda haka, maigida, tun ran da ka sayar da masara ko auduga ka ware kuɗin mota, ka san direban da za a kira ko da tsakar dare. Ka kuma faɗa a gaban kowa cewa in ba ka nan, ka ba da izini a kai ta. Naƙudar da ta wuce awa 12, a bar gida. Ke kuma ungozoma, bayan an haihu kada ki dubi tabarma kaɗai, ki dubi idon mai jego, ki taɓa hannunta.

Allah ya ba mu lafiya.