Zoben Aziridin da Amino Asid Mai Lamba

Aziridin zobe ne mai ƙwayoyin zarra uku, wato kabon biyu da naitirojin ɗaya. Kusurwarsa kimanin digiri 60 ce, alhali kabon ya fi sakewa a digiri 109.5. Saboda wannan takura, buɗe shi ba ya wuya. A shekarar 2004, Williams da Johnston suka nuna cewa asid kaɗan ya isa ya haɗa sinadarin imin da na dayazo su ba da zoben. Idan aka sa naitirojin-15 tun farko, buɗe zoben kan samar da amino asid mai lamba, wanda ɗan ƙarin nauyinsa ke bambanta shi. Da shi masana ke bin sawun yadda jiki ke gina furotin.