Shin Ko Kun San? Baraka Sakin, Marubucin 'Yan Ƙwadago

• Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin marubutan Sudan da suka fi farin jini a yau ya shafe shekaru ana karanta littattafansa a ɓoye a ƙasarsa? Sunansa Abdul'aziz Baraka Sakin. An haife shi a Kasala a 1963, ya tashi a Khashm al-Girba, asalin gidansu kuwa Darfur ne.

• Shin ko kun san ba adabi ya karanta ba? Ilimin gudanar da kasuwanci ya yi a Jami'ar Asyut da ke Masar. Da ya dawo gida ya yi koyarwa, ya kuma yi aiki da ƙungiyar Plan International. Ƙagaggen labarinsa na farko, Al-Tawahin, ya fito a 2000.

• Shin ko kun san littafin da ya fito da shi duniya a kan leburorin gona yake? Sunansa Al-Jango: Masamir al-Ard. Jango su ne 'yan ƙwadagon da ke bin manyan gonakin gabashin Sudan, su yi noma da damina, su yanki riɗi, su girbe dawa, sannan su shiga gari su ƙarar da abin da suka samu kafin wata daminar. Mutumin garuruwan Sudan irin su Abu Na'ama ko Mai Wurno ko Damazin ba ya bukatar a kwatanta masa su, domin yana ganin irinsu duk kaka. Abin da ba a saba gani ba shi ne a ɗauke su a mayar da su taurarin littafi.

• Shin ko kun san labarin yana faruwa ne a wani ƙauye na yankin Gadarif, daf da iyakar Habasha? A ciki akwai Wad Amuna, wanda ya girma a kurkuku tare da mahaifiyarsa, da Alam Gishi, 'yar Habasha. Rikici ya taso ne lokacin da banki ya shigo da injinan girbi, abincin leburori ya fara kuɓuce musu, su kuma suka yi bore.

• Shin ko kun san an karrama littafin, daga baya aka haramta shi? A 2009 ya lashe gasar Ɗayyib Salih ta Cibiyar Al'adu ta Abdulkarim Mirgani da ke Omdurman. Ba a jima ba hukumomi suka hana sayar da shi, bisa hujjar cewa akwai batsa a ciki. A 2012 aka kwashe littattafansa daga baje kolin littattafai na Khartum. A shekarar ce ya bar ƙasar, ya nemi mafaka a Ostiriya.

• Shin ko kun san haramcin bai rage masa masu karatu ba? Matasa suka riƙa yaɗa littattafan hannu da hannu da kuma ta intanet. Adil Babikir ya fassara Al-Jango zuwa Ingilishi a 2015. Fassarar Faransanci ta Xavier Luffin kuwa ta ci kyautar adabin Larabci ta 2020 a birnin Faris. Birnin Graz na Ostiriya ma ya naɗa shi marubucin gari na 2022 zuwa 2023.

• Shin ko kun san ba Sudan kaɗai ce ta hana littafinsa ba? Samahani, labarin da ya gina kan bauta a Zanzibar zamanin sarakunan Oman, an haramta shi a Oman da Kuwait.

• Shin ko kun san har gobe kan manazarta a rabe yake? Wasu na ganin ya wuce gona da iri wajen bayyana abin da kunya ta hana a faɗa. Wasu kuma na cewa ba za a rubuta rayuwar lebura da mai sayar da shayi da sojan da aka ɗauka dole ba, sannan a wanke ta tas kamar kayan sallah. Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kai shi ne iya barkwancinsa a tsakiyar labarin baƙin ciki.

• Shin ko kun san tun 2012 ya rubuta labarin mayaƙan Janjawid? A littafinsa Masih Darfur, wata mata mai sunan maza, Abdurrahman, ta sha alwashin ɗaukar fansar danginta da Janjawid suka kashe. A lokacin mutanen tsakiyar ƙasar da yawa na kallon ta'asar Janjawid a matsayin matsalar Darfur kawai. Daga cikin Janjawid ɗin ne aka kafa rundunar Da'am Sari', wadda ta fara yaƙi da sojan gwamnati ranar 15 ga Afrilu 2023, ta kama Wad Madani a Disambar shekarar, ta shiga Sinja a Yunin 2024, kafin soja su ƙwace Sinja a Nuwamba.