Tartan: Tambarin Dangi ko Dabarar 'Yan Kasuwa?

A 2023 gidan tarihi na V&A da ke Dundee ya baje wani ƙyallen ulu da aka tono daga taɓon Glen Affric. An saƙa shi tsakanin 1500 da 1600, kuma ba a sami tartan (yadi mai gidan dara) na gaske da ya girme shi a Sikotilan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babu dangin da zai ce ratsin nan nasa ne. Amma ka shiga shagunan Edinburgh, faɗin sunan kakanka ke da wuya sai a miƙo maka yadi mai gidan dara, a ce gadonku ne tun kaka da kakanni.

Kasuwa ce ta haifi wannan da'awa. A da, masaƙin kowane yanki yana aiki ne da rinin da ya samu, mai saye kuma ya ɗauki wanda ya kwanta masa. Bayan yaƙin Culloden a 1746 aka hana mazan tsaunuka sanya tufafinsu, ban da sojoji, har 1782. Kafin a ɗage dokar, saƙar ta fara komawa hannun manyan masaƙu irin na William Wilson a Bannockburn, inda lamba ake bai wa yawancin zane-zane. Da ƙungiyar Highland ta Landan ta nemi shugabannin dangi su aiko da nasu a 1815, da dama ba su san suna da shi ba. Sai ga ziyarar Sarki George na Huɗu zuwa Sikotilan a 1822, wadda Walter Scott ya tsara: kowa na rububin nasa, lambobi suka rikiɗe suka zama sunayen dangi. Littafin Vestiarium Scoticum na 1842, wanda jabu ne, ya ƙara wa wutar makamashi.

Ƙofar da aka buɗe ba ta sake rufuwa ba. Rajistar tartan ta hukuma da ta fara aiki a 2009 tana ɗauke da dubban zane, na kamfanoni da jami'o'i da ƙungiyoyin ƙwallo. Kanada ma ta amince da nata na ƙasa a 2011.

Masu kare al'adar suna cewa abin da aka shekara ɗari biyu ana aure da jana'iza da shi ya zama gado, ga shi yana ciyar da masaƙa. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rufe sunan masaƙan Bannockburn, a jingina aikinsu ga kakannin da ba su taɓa ganin yadin ba.