Masu Turi na Kasuwar Farm Centre

Idan ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni a Kano da hantsi, kunnenka ne zai kai ka wurin masu turi tun kafin ka hango su. Kowane teburi da tasa lasifikar. Nan waƙar fim, can tafsiri, gaba kaɗan muryar mai fassara fim ɗin Indiya, duk a kan ƙugin janareto. Jarin mai turi ba ya cika ido: teburi da benci, laima ko 'yar rumfa, kwamfuta ɗaya da haruffan madanninta suka goge saboda dannawa, igiyoyin caji a cukurkuɗe, sai 'yar na'urar da ake zura memori a ciki. Dukiyar tana can cikin rumbun ajiyar kwamfutar, inda ya kasa kayansa kamar mai koli, fina-finan Hausa gefe guda, na Indiya gefe guda, wa'azi, barkwanci, ƙwallo, waƙoƙin biki. Ka miƙa waya, ka faɗi abin da kake so, a tura maka, ka biya abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Wasu na kiransu 'yan dawunlodin, amma sana'ar ta riga arhar intanet zuwa. Da faifai ta fara.

Asalinta yana kasuwar Ƙofar Wambai. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, cinikin fim ɗin Hausa ya zauna a wannan kasuwa da kuma wajejen Bata, kuma daga nan kaset ke tafiya Kaduna, Jos, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram. Tsarin da aka bi a zamanin kaset abin lura ne. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake sayarwa. Zai buga kwalayen fim ɗinsa masu hoton jarumai, ya miƙa wa ɗan kasuwa tare da uwar kaset, shi kuma ɗan kasuwa ya sayi kaset ɗin da babu komai a kai, ya jera na'urorin bidiyo ya yi ta kwafa. Yawan kwalin da aka sayar shi ne ribar mai fim. Wannan tsari ya tsaya da ƙafarsa ne saboda kwafar kaset aiki ne mai cin rai. Fim ɗin awa biyu sai ya ci awa biyu a na'ura, kuma duk kwafin da aka ɗauka daga wani kwafin sai hotonsa ya ƙara dushewa, launi ya zube, murya ta shaƙe. Mai son abu mai kyau dole ya nemi na kusa da asali.

Faifai ya rushe wannan katanga. Na VCD yana ɗaukar kusan minti 80, na DVD kuwa giga 4.7, kuma kwafi na ɗari ba ya bambanta da na farko ko da ƙwayar zarra. Cikin 'yan mintuna an gama ɗaya. Duk wanda ya mallaki kwamfuta mai aljihun faifai ya zama ƙaramin kamfani a ɗakinsa.

Sai waya ta shigo. A 2001 aka fara layukan GSM a Najeriya, bayan 'yan shekaru kuma wayoyi masu memori da Bluetooth suka cika hannun matasa. A nan ne aka gane abin da mai kallo ya fi so a cikin fim. Tun daga fim ɗin Sangaya kowa ya san waƙa ce ke sayar da fim ɗin Hausa, amma a da ba ka samun waƙar sai ka sayi fim ɗin gaba ɗaya. Mai turi ya raba su. Zai zura faifai, ya buɗe jakar da ake kira VIDEO_TS, ya bi manyan fayilolin nan na VOB waɗanda kowannensu ba ya wuce giga ɗaya, ya lalubo inda waƙa ta fara da inda ta tsaya, ya yanke. Daga nan ya jefa ta cikin manhaja irin Format Factory, ta matse ta zuwa 3GP, hoton da bai fi kan sarki girma ba. Fuskar jaruma takan dagule idan ta juya da sauri, amma wa ya damu? Minti biyar ne da ke zama a aljihu. Ɗan acaɓa yana kallo a bakin titi kafin fasinja ya zo, tela ya jingine wayar a jikin keke, matar aure ta aiki ƙaninta da memori a ƙulle cikin takarda, an rubuta sunayen waƙoƙin da take so. Faya-fayan da aka buga a gida galibi ba su da makullin hana kwafa irin na kamfanonin Amurka, don haka babu abin da ya tsaya tsakanin faifai da kwamfuta.

Ba zan yi wa wannan kwaskwarima ba: gumin wasu ne aka riƙa sayarwa ba tare da an ba su sisi ba. Mutum ya tara kuɗi, ya ɗauki jarumai da ma'aikata, ya kwana a wurin ɗaukar fim, ranar da fim ya fito a kasuwa faifai ɗaya ya ishi layi guda na masu turi, kafin la'asar rabin unguwa sun gani. Daga guntun waƙa aka koma tura fim sukutum da memori ya ƙara girma. Shagunan faifai na Ƙofar Wambai suka yi ta raguwa, masu su suka kama wasu sana'o'i. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sha bin masu wannan harka, kuma an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta ƙasa a 2023, amma ba kame ne ya sauya lissafi ba. Masu fim ne suka sauya hanya. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, sannan shirye-shirye masu dogon zango irin Izzar So da Labarina suka koya wa mutane jiran fitowar kowane mako a talabijin da YouTube. Mai turi ya bi su can. Yanzu da tsakar dare yake saukewa, lokacin da data ke arha, da safe ya sayar wa wanda ba shi da kuɗin data. Faifai ya koma ƙarƙashin teburi.

Duk da haka akwai wani aiki da kasuwar masu turi ta yi wanda ba wanda ya sa ta. Tsofaffin fina-finai da yawa, waɗanda kaset ɗinsu ya yi funfuna, kamfanonin da suka yi su suka watse, a rumbunan waɗannan samari ake fara nemansu. Da na tuna haka sai raina ya ɓaci, domin rumbun kwamfuta ba ya ba da sanarwa kafin ya mutu, kuma kasuwa wuri ne na ƙura da zafi da wutar lantarki mai gardama.

Ni kaina abin da ya kai ni can ba fim ba ne. Faifan bikin ƙanwata ne, wanda mai kyamara ya ba mu shekaru da dama da suka wuce. A cikinsa akwai wurin da mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta zaunar da amarya tana yi mata faɗa kafin a kai ta ɗakinta. Ba mu da muryarta a ko'ina sai nan. Sabuwar kwamfutar gidana ba ta da aljihun faifai ma, kamar yawancin na yanzu, tsohuwar na'urar DVD kuma da ta zo daidai wurin sai hoton ya daskare.

Na zaga teburi huɗu kafin na sami mai aljihun faifai na jonawa. Saurayi ne da bai wuce sa'an ɗana ba. Ya karɓi faifan ta gefe-gefe, bai taɓa fuskarsa ba, ya ɗaga shi sama ya karkata wa haske.

"Baba, ya sha wuya. An goge shi da riga ko?"

Na ce an yi.

"Ai shi ba a goge shi a zagaye. Daga tsakiya ake ja zuwa baki."

Ya ɗauko ƙyalle mai laushi ya yi yadda ya ce. Bai buɗe bidiyon kai tsaye ba, sai da ya fara kwashe jakar gaba ɗaya zuwa kwamfutarsa, ya ce faifai mai rauni ba a wahalar da shi sau biyu. Fayil na farko ya wuce, na biyu ya wuce, na uku ya tsaya. Muna jin faifan yana juyawa yana sassautawa, yana sake ɗauka. Mutum biyu suka zo da wayoyinsu, ya ce su yi haƙuri su leƙa maƙwabcinsa. Sai da ya gwada sau uku, ya rage gudun karatun, kafin ya haye, ban da 'yan daƙiƙu da suka tafi har abada.

Ya ce in nuna masa wurin. Muka yi ta tsallake 'yan rawa da masu liƙi har muka iso ɗakin. Ya ga fuskata, sai ya kashe lasifikarsa ya miƙo mini abin sawa a kunne. Minti uku da 'yan kai ne. Ya yanke, ya mai da shi MP4, bai matse shi ba, ya zuba mini a filashi tare da cikakken bikin.

"Baba, in kun je gida ku sa a kwamfuta, ku tura wa 'yan'uwa ma. Kada ya zauna wuri ɗaya."

Na tambaye shi kuɗinsa. Ya faɗi na turin fim ɗaya. Na ƙara masa, ya mayar mini da ƙarin, ya ce Allah Ya kai haske kabarinta. Kafin in gama sa faifan a jaka har ya kunna lasifikarsa, wani yaro ya miƙo masa waya yana tambayar ko sabon Labarina ya sauka.